Rundunar yaƙin intanet: a ƙarƙashin wa za ta zauna, kuma wa ke ba da oda?

"Assalamu alaikum Malam. Ina karatun harkar tsaro ne, kuma na lura ƙasashe da yawa suna ta buɗe rundunar yaƙin intanet. Abin da ya ɗaure min kai shi ne kowace ƙasa da irin nata tsarin, wasu sun haɗa ta da leƙen asiri, wasu sun sa ta ƙarƙashin babban hafsan tsaro, wasu kuma sun mai da ita runduna mai cin gashin kanta kamar sojan sama. To wanne ne daidai? Sannan idan aka kawo wa ƙasa hari ta kwamfuta, wa ke da ikon cewa a rama?"

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka guda biyu ce a haɗe, ta farko ina za a ajiye rundunar a cikin tsarin soja, ta biyu kuma wa ke da hurumin ba da oda idan abu ya taso. Mutane sun fi son tattauna ta farkon saboda ita ake gani a takarda, a zana akwatuna a ja layi, a ɗinka sabon baje a manna a kafaɗa. Amma ni dai a shekarun da na yi a ɓangaren sigina da tsaron hanyoyin sadarwar soja, ta biyun ce kullum take hana mu barci, kuma in ba a warware ta ba to duk inda ka kai rundunar sunanta kawai ka canza. Bari in gaya maka tun yanzu, aikina na kariya ne, wato tsare namu kayan, don haka a nan maganata ta fi nauyi. Ɓangaren kai hari kuwa zan tsaya ne a kan abin da ya fito fili kowa ya sani.

Abin da ya sa tsohon tsari yake tuntuɓe

Shi soja a kan taswira aka gina shi. Kowane kwamanda da yankinsa, daga wancan kogin zuwa wancan tsaunin naka ne, duk abin da ya motsa a ciki kai za a tambaya, in ka tsallake layi kuma ka shiga hurumin wani. To yanzu ka ɗauka mai kutse yana zaune a wata ƙasa, ya yi hayar saba, wato babbar kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran, a ƙasa ta biyu, ya bi ta kwamfutar wani ɗan kwangila mai kawo wa soja kaya, ya faɗa cikin netwok ɗin da sojan ruwa ke kula da shi, alhali kuma a nan ne sojan sama ke ajiye lissafin man jiragensu. Yankin wa ke nan? Kowa zai iya cewa nasa ne, kowa kuma zai iya cewa ba nasa ba ne, kuma na ga an yi duka biyun a ɗaki ɗaya.

Sai maganar makami. Harsashi ka ajiye shi a ma'ajiya shekara goma ka dawo ka same shi yana aiki. Makamin intanet kuwa a kan wata ɓaraka yake rayuwa, wato kuskuren da ke cikin manhajar abokin gaba wanda shi bai san da shi ba, ranar da kamfanin da ya yi manhajar ya fitar da faci aka ɗora, makamin naka ya mutu ko da ka kashe wata tara kana gina shi. Shiga netwok ɗin abokin gaba ma ba abin kwana ɗaya ba ne, watanni ake yi ana lallaɓawa, wani lokaci shekaru. Shi ya sa kwamandan da ya saba da igwa yake shan mamaki, ya nuna wuri ya ce gobe da asuba a kashe masa radar ɗin can, sai a ce masa ranka ya daɗe ba mu da ƙofa a wurin. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ma'ana rundunar nan dole tana aiki a cikin gidan abokin gaba tun lokacin zaman lafiya, wannan kaɗai ya isa ya rikita dokar da ta ce soja sai an ayyana yaƙi yake motsi.

Ƙari a kan haka filin da ake fafatawar ba na gwamnati ba ne. Wayoyin ƙarƙashin teku, kamfanonin sadarwa, bankuna, tashoshin wuta, rumbunan ajiyar bayanai, mafi yawansu na 'yan kasuwa ne, kuma janar ba shi da ikon ba manajan kamfani oda.

Yadda Amurka ta bi

Ina fara misali da Amurka ne saboda su suka fi kowa fitar da tsarinsu fili, har da kurakuransu. A 2008 wani filashi mai ɗauke da bairos da aka soka a kwamfuta a wani sansaninsu na Gabas ta Tsakiya ya sa cutar ta shiga har netwok ɗinsu na sirri, aikin share ta da suka sa wa suna Buckshot Yankee ya ɗauke su sama da shekara, har suka hana amfani da filashi gaba ɗaya na wani lokaci. A lokacin masu kariya rukuni daban ne, masu kai hari rukuni daban, NSA mai leƙen asirin sadarwa ita ma daban. Abin da ya biyo baya shi ne a watan Yunin 2009 sakataren tsaro Robert Gates ya ba da umarnin a kafa Cyber Command, wato rundunarsu ta yaƙin intanet, ta fara aiki a watan Mayun 2010 a Fort Meade, harabar da NSA take, kuma aka ba Janar Keith Alexander wanda shi ne shugaban NSA ya riƙe duka biyun. Mutum ɗaya kujera biyu, su suna ce masa mai hula biyu.

Da farko rundunar tana ƙarƙashin Strategic Command ne, masu kula da makaman nukiliya, sai a watan Mayun 2018 aka ɗaga ta ta zama cikakkiyar runduna mai kai rahoto kai tsaye ga sakataren tsaro, ranar da Janar Paul Nakasone ya karɓi ragama. A shekarar ce kuma tawagoginta 133 suka kammalu, mutum wajen 6,200. Ka lura da wani abu da ba a cika faɗa ba, a cikin 133 ɗin nan 68 na kariya ne zalla, wato fiye da rabi. Duk wanda ya ji yaƙin intanet hankalinsa kan kai hari yake tafiya, alhali yawancin aikin gadi ne.

Sai dai akwai wani ƙulli a tsarin nasu. Cyber Command ba ita ke ɗaukar sojojinta ba, sojan ƙasa da na ruwa da na sama da sauransu ne ke ɗauka su horar su aiko mata, kowa da irin horonsa da tsarin ƙarin girmansa da tsawon lokacin da zai bar mutum a wurin. Wannan ne ya sa har yanzu ake ta muhawara a can ko a kafa runduna ta daban ta intanet kamar yadda aka cire sojan sama daga sojan ƙasa a 1947, aka kuma kafa rundunar sararin samaniya a 2019. Masu cewa a'a suna nuna rundunar ayyuka na musamman da aka kafa a 1987, wadda ba runduna ce mai kakinta ba amma an ba ta nata kasafin kuɗin da ikon sayen kayanta, suna cewa a bi wannan hanyar.

Rigimar ɗan leƙen asiri da mayaƙi

Nan ne zuciyar maganar, zan ɗan daɗe a kai. Ƙofar da ɗan leƙen asiri ya bi ya shiga kwamfutar abokin gaba yana sauraro, ita ce dai ƙofar da mayaƙi zai bi ya lalata kwamfutar. Kayan aiki ɗaya, ƙwarewa ɗaya, wani lokaci ma mutum ɗaya ne a kujera ɗaya. Bambancin shi ne buƙata. Shi ɗan leƙen asiri so yake ya zauna shiru shekara biyar ba a san yana nan ba, shi kuwa mayaƙi so yake ya kashe abin yau saboda yaransa na filin daga suna mutuwa, kuma da zarar ya kashe, mai gida ya farga, ya toshe ƙofar, ɗan leƙen asiri ya yi asarar aikin shekaru. Kowannensu yana da gaskiya a inda yake tsaye. Don haka dole a sami mutum ɗaya, ko tebur ɗaya, da zai auna ya ce a wannan karon sauraro ya fi amfani, ko a wannan karon a buga. Idan tsarinka bai faɗi wane ne wannan mutumin ba to ba ka da tsari, komai kyawun zanen.

An ga haka ƙarara a yaƙi da ISIS. Amurka ta kafa tawaga ta musamman mai suna ARES a 2016, a watan Nuwamban shekarar suka ƙaddamar da aikin da suka sa wa suna Glowing Symphony don rusa hanyoyin farfagandar ƙungiyar, suna ƙwace asusun masu gudanarwa suna goge bayanai. Amma kafin a kai ga haka an sha ja-in-ja tsakanin hukumomi, saboda wasu sabobin na ISIS a ƙasashen ƙawaye suke zaune, to za a sanar da ƙasar ko a shiga kawai? In an sanar sirri na iya fita, in ba a sanar ba kuma ka yi aikin soja a ƙasar abokinka ba da saninsa ba. Ash Carter wanda shi ne sakataren tsaro a lokacin daga baya ya rubuta cewa bai gamsu da abin da Cyber Command ta taɓuka a kan ISIS ba, ya kuma nuna cewa masu leƙen asiri sukan jinkirta ko su hana aikin don kada a ɓata musu hanyar sauraro.

Amfanin mai hula biyu ke nan, rigimar tana ƙarewa a teburin mutum ɗaya maimakon ta hau har fadar shugaban ƙasa. Illarsa kuma iko ya taru da yawa a hannu ɗaya, sannan dokar da ke kula da leƙen asiri daban, wadda ke kula da aikin soja daban, kwamitocin majalisa masu sa ido ma daban, to idan mutum ɗaya ne yake yin duka biyun sa idon yana wahala. An sha kawo maganar a raba kujerun a gwamnatoci daban-daban ana ɗagawa.

Birtaniya ta bi hanya mai kama da wannan amma ba ta soja zalla ba, rundunarsu ta kai hari ta intanet, National Cyber Force, da suka bayyana a 2020 haɗin gwiwa ce tsakanin ma'aikatar tsaro da GCHQ, hukumarsu ta leƙen asirin sadarwa, soja da farar hula a ɗaki ɗaya, kariyar ƙasa kuma tana hannun wata cibiya daban da aka buɗe a 2016 a ƙarƙashin GCHQ ɗin. Faransa kuwa da gangan ta raba, ANSSI da aka kafa a 2009 hukumar farar hula ce ta kariya ba ta kai hari, rundunar intanet ta soja da aka kafa a 2017 kuma tana ƙarƙashin babban hafsan tsaro. Hikimar Faransa ita ce kamfani zai fi sakin jiki ya buɗe wa hukuma cikinsa idan ya tabbata hukumar ba 'yan leƙen asiri ba ce. Wannan hujja ce mai ƙarfi, na gani da idona yadda kamfani ke ɓoye kutsen da aka yi masa don tsoron wanda zai shigo da sunan taimako.

Masu runduna ta daban

Jamus ta buɗe rundunar intanet da bayanai a Bonn a watan Afrilun 2017, ta tattara sigina da leƙen asirin soja da yaƙin na'urorin lantarki da masu taswira wuri ɗaya, a 2024 kuma ta ɗaga ta zuwa runduna ta huɗu daidai da sojan ƙasa da ruwa da sama. Singafo ta yi irin haka a watan Oktoban 2022. Chaina a ƙarshen 2015 ta haɗa sararin samaniya da intanet da yaƙin lantarki da farfaganda a babbar runduna ɗaya, sai ga shi a watan Afrilun 2024 ta rushe ta ta raba gida uku, ɗaya na sararin samaniya, ɗaya na intanet, ɗaya na tallafin bayanai. Isra'ila a 2015 ta sanar za ta kafa rundunar intanet guda ɗaya, zuwa 2017 ta fasa, ta bar kai hari da leƙen asiri a hannun sashen 8200 na leƙen asirin soja, kariya kuma a hannun sashen sadarwa. Rasha ba ta ma bi wannan layin ba, aikin yana rabe ne tsakanin leƙen asirin soja GRU da hukumar tsaron cikin gida FSB da leƙen asirin waje SVR, kowa da nasa mutanen.

Kaga ke nan manyan ƙasashen da suka fi kowa kuɗi da ƙwararru suna ginawa suna rushewa cikin shekara takwas ko ma biyu. Don haka in wani ya ce maka ga tsari ɗaya da ya dace da kowa, kada ka yarda.

To wa ke cewa a rama?

A ƙasar da ke bin doka amsar ita ce shugabancin siyasa, ba janar ba. Abin tambaya shi ne nawa daga cikin wannan ikon za a sauko da shi ƙasa tun kafin abu ya faru. Amurka ta gwada duka biyun. A ƙarƙashin umarnin da Obama ya sa wa hannu a 2012, hari mai nauyi sai ya bi ta hukumomi da dama ya kai ga shugaban ƙasa, sojoji suka yi ta kukan cewa kafin izini ya fito ƙofar ta rufe. A 2018 Trump ya sauya shi da wani umarnin da ya sauko da wani ɓangare na ikon zuwa ma'aikatar tsaro, a shekarar ce kuma suka fito da manufar tarar abokin gaba tun a gidansa kafin ya iso.

Me ya sa ba za a sakar wa kwamanda mara gaba ɗaya ba? Saboda wannan makamin ba ya tsayawa inda aka aike shi. Bairos ɗin Stuxnet da aka yi don injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz ya fita ya bazu duniya har aka gano shi a 2010. Wani bairos mai suna NotPetya a watan Yunin 2017 ta wata manhajar lissafin haraji ta Yukren aka sake shi, amma ya durƙusar da Maersk mai jigilar kwantena a tashoshin ruwa na duniya, ya taɓa kamfanin magani na Merck, ya koma ya taɓa kamfanoni a Rasha kanta, an ƙiyasta asarar ta kai dala biliyan 10, kuma Amurka da Birtaniya sun ɗora wa sojan Rasha alhakin. Ranar 24 ga Fabrairun 2022 da aka kai wa hanyar sadarwar tauraron ɗan'adam ta kamfanin Viasat hari dab da shigar Rasha Yukren, injinan samar da lantarki ta iska kusan 5,800 a Jamus sun rasa hanyar da ake lura da su daga nesa. Jamus ba ta cikin yaƙin, kuma mamba ce a NATO, ƙungiyar da tun 2014 ta ce harin intanet na iya kai wa ga a ɗauke shi hari a kan kowa da kowa. Ka ga kanar ɗaya da danna maɓalli ɗaya zai iya jawo wa ƙasarsa rigima da ƙasar da ba a yi niyya ba. Ga kuma matsalar gano wanda ya kawo harin, sau da yawa makonni ko watanni ake yi kafin a tabbatar, in ka yi gaggawar ramawa kana iya dukan wanda aka bi ta gidansa kawai.

Ra'ayina a nan a fili yake. Ikon kariya a cikin netwok ɗinka a sauko da shi ƙasa sosai, har zuwa ofisan da ke kan aiki da dare. Ikon taɓa kayan wani a wajen iyaka a riƙe shi sama, amma a rubuta tun da wuri irin ayyukan da aka yarda da su, da iyakarsu, da wanda za a kira, lauyan soja kuma ya zauna a cikin ɗakin aikin tun ana shirya abin, kada a jira sai an gama a kai masa takarda.

Abin da na gani a ɓangaren kariya

Wani dare a wani atisaye, wani saje a ɗakin sa ido ya ga wata saba tana fitar da bayanai zuwa inda bai kamata ba. Yaron ya gane abin cikin mintuna kaɗan, ya san maganin ma, a cire sabar daga netwok. Matsalar ita ce sabar ba tamu ba ce, ta wani sashe ce, kuma a kanta tsarin rabon kayansu yake gudana. Muka kira ofisan da ke duti a can ya ce ba shi da ikon kashewa sai kwamandansa, kwamandan ya ce in aka kashe aikinsa na gobe ya tsaya, wa zai ɗauki alhakin, sai an kawo masa a rubuce daga sama. Kafin takardar ta zagayo gari ya waye, masu taka rawar abokan gaba sun kwashe abin da suke so sun bazu zuwa wasu kwamfutocin. Wallahi har yau abin yana ci min rai, don ba ilimi muka rasa ba, ba kayan aiki muka rasa ba, yaron ya yi duk abin da ake so ya yi.

Kuma kada ka yi saurin zargin wancan kwamandan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ya san abin da zai tsaya in an kashe sabar, mu ba mu sani ba, a yaƙin gaske kashe ta na iya nufin harsashi bai isa ga yaran da ke gaba ba. Gyaran da muka kawo daga baya shi ne kowane sashe ya zauna da mu tun lokacin lafiya, a jera kwamfutocinsa, a ce wannan ɗakin sa ido na iya cire ta nan take ya sanar daga baya, wannan sai an kira mai ita kuma in bai amsa cikin lokaci kaza ba ikon ya koma hannun mai duti, wannan kuma ba a taɓa ta sai da izinin babba. Aiki ne mai gajiyarwa, babu wanda ake ba lambar yabo a kansa, amma shi ne ainihin tsarin oda a wannan fagen. A nan ne ma muka gano akwai kwamfutocin da babu wanda ya san da zamansu a netwok ɗin, wani ya haɗa shekarun baya an yi masa taransifa ya tafi.

Mutane

Tsarin soja yana son ofisa ya zagaya, shekara biyu nan shekara biyu can, don ya zama janar mai sanin komai. Wannan fagen kuma so yake mutum ya zauna shekara takwas yana abu ɗaya. Na horar da wani matashi kusan shekara uku har ya kai matsayin da zai kalli zirga-zirgar netwok ya gane baƙon abu da ido, sai aka tura shi wani aikin ofis da ba ruwansa da kwamfuta saboda wai lokacin juyawarsa ya yi, kuma sai ya bi ta nan zai sami ƙarin girma. Bai daɗe ba ya ajiye kaki, wani kamfani ya ɗauke shi da albashin da soja ba zai iya biya ba. Ban ga laifinsa ba. Hujja mafi ƙarfi ta masu son runduna ta daban ita ce wannan, cewa sai mutanen nan sun sami gidansu, da tsanin ƙarin girma nasu, da janar ɗin da ya taso daga cikinsu. Ina girmama hujjar. Inda nake tsayawa shi ne sabuwar runduna tana zuwa da sabuwar hedikwata, da ofisoshin albashi da kayan aiki da makarantu, kuma ƙwararrun da ka ke da su 'yan kaɗan su za a kwasa a cika waɗannan kujerun. Ƙasar da ke da dubban ƙwararru za ta iya ɗaukar wannan nauyin. Wadda ke da ɗari biyu kuwa gyaran gangar Auzinawa za ta yi.

Istoniya ta nuna wata hanyar. Bayan hare-haren 2007 da suka tsayar da shafukan bankuna da gwamnati da jaridu lokacin rikicin ɗauke mutum-mutumin sojan Sobiyet a Tallinn babban birninsu, sun kafa sashen 'yan sa-kai na intanet a cikin rundunar sa-kansu, injiniyoyin bankuna da kamfanonin sadarwa waɗanda ke aikinsu na yau da kullum amma an tantance su an horar da su tare, in abu ya taso a kira su. A Tallinn ɗin ne kuma NATO ta buɗe cibiyarta ta nazarin tsaron intanet a 2008, masu shirya atisayen Locked Shields duk shekara. Wannan daban yake da abin da Yukren ta yi a 2022 na kiran duk mai so a duniya ya shigo ya kai wa Rasha hari ta Telegram, can babu tantancewa babu sarƙar oda, ba ka san wa ke ciki ba, ba ka iya cewa a tsaya a tsaya, kuma suna iya rufe ƙofar da naka 'yan leƙen asirin ke amfani da ita ba da saninsu ba. Abin da ya fi taimakon Yukren a ganina shi ne kariya, shekarun da suka yi suna shan hari tun kashe musu wuta da aka yi ta hanyar kutse a Disambar 2015 sun koya musu aiki, ga kwashe bayanan gwamnati da suka yi zuwa rumbunan kamfanoni irin su Microsoft da Amazon a wajen ƙasar.

In da ni za a tambaya

Ga ƙasa mai matsakaicin ƙarfi, zan ce a yi runduna ɗaya ta haɗin gwiwa a ƙarƙashin babban hafsan tsaro, kada a bar ta a hannun sojan ƙasa ko na sama kaɗai, don duk wanda ya riƙe ta nasa netwok zai fara karewa sauran su bi layi. A ba kwamandanta iko a rubuce a kan duk netwok ɗin soja, ya iya cewa a ɗora faci zuwa ranar kaza in ba haka ba a cire ka, kuma maganar ta zauna ko da mai netwok ɗin ya girme shi a muƙami. A ba shi kasafin kuɗinsa da bakin magana a kan taransifa da ƙarin girman mutanensa. Kariyar bankuna da wuta da asibitoci a bar wa hukumar farar hula, soja ya shigo in an gayyace shi bisa doka, amma wakilan ɓangarorin biyu su zauna a ɗakin juna kullum don ranar tashin hankali ba ranar gabatar da kai ba ce. Ƙaramar tawagar kai hari, in har za a yi ta, a zaunar da ita kusa da masu leƙen asirin sadarwa, a kuma ambaci sunan kujerar da za ta raba gardama tsakaninsu. Sannan kowace babbar rundunar fili a tura mata mutum biyu ko uku masu tsara aikin intanet, su zauna da masu tsara igwa da jirage, don kwamandan fili ya san tun watanni kafin lokaci abin da zai iya nema da abin da ba zai samu ba.

Wani ofisan da ya yi aikinsa a ɓangaren kai hari zai iya ce maka na riƙe ikon bugu sama da yawa, abokin gaba ba ya jiran takarda, kuma maganarsa abin saurare ce, ni daga ɗakin gadi nake kallon abin. Tunda karatu kake yi, duk ƙasar da ka ɗauka za ka nazarta, bayan ka ga zanen akwatunan ka nemi dokar da ta kafa rundunar da rahotannin majalisa a kanta, ka duba wa ke biyan albashin mutanen, wa ke sa hannu a ƙarin girmansu, wa ke da ikon cire sabar wani sashe da tsakar dare, da kuma matakai nawa takardar neman izinin hari take bi kafin ta dawo.